Fayafayan Baba sun tsira

Daren Talata, watan Rajab, Rusaifa

Barci ya ƙi zuwa don murna! Tun da muka taso daga unguwar Jarwal Umma ke cewa kwalin fayafayan marigayi Baba ya tare mata ɗaki, gobe sai shara. Yau na aro na'urar kunna faifai, na ɗora faifan tsohon nan mai babban goge da ake kafawa tsakanin gwiwoyi, wanda daga baya ya zama jagoran makaɗa. Ya daɗe da mutuwa, amma gogensa na nan yana numfashi kamar mutum. Ni da digirina har lacca na shirya wa Umma a kan darajarsu.

Umma ta tsaya bakin ƙofa tana saurare. Can ta ce, "Kalas, shi ke nan, bar su. Juya ɗaya gefen, 'yar boko, can ne mai daɗin."