Shuɗin Fenti a Wuyan Mama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya kewar gida? Mu nan alhamdulillahi, kuma yau har cikin raina nake faɗa. Na ɗauki biro ne don kin san a waya bakina nauyi yake yi.

Kin tuna dariyar da muka sha yi wa Mama lokacin da asibitinsu ya buɗe ɗakin killace masu cuta mai yaɗuwa, alhali ko majinyaci ɗaya babu? Kullum atisaye. Su sa kayan kariya tun daga kai har ƙafa, a shafe kayan da shuɗin fenti, a ce su tuɓe. Wadda fentin ya taɓa fatarta sai ta sake daga farko. Mama ta dinga dawowa da shuɗi a wuya, Baba yana tambayarta ko asibitin ya koma marina ne. Ranar da ta dawo fes kuwa, ɗaki-ɗaki ta bi mu tana nuna wuyanta.

To, an kawo wani mutum da mugun zazzaɓin nan da ake faɗa a rediyo, kuma Mama na cikin masu jinyarsa. Baba ne ya hana a gaya miki saboda jarabawarki, kar ki ga laifina. A masaukin ma'aikata aka ajiye su, ba zuwa gida. Ni nake kai abinci, in ajiye a benci bakin shinge, in ja da baya. Littafin soyayyar da kika bar min ma na kasa buɗe shi. Da na rufe ido sai wuyan Mama nake gani, ga shi wannan abin ba shi da launi balle a ce ta sake daga farko.

Akwai wani mai takunkumi da doguwar riga da yake ɗaukar kwanon. Idanunsa kawai nake gani ta cikin tabarau. Yaya, kar ki yi dariya, amma na riga na ba shi murya, har suna na zaɓa masa.

Jiya sakamakon gwajin su Mama ya fito, babu wanda ya kamu. Majinyacin ma an ce ya fara tashi zaune. Mama ta fito tare da wata dattijuwa mai jikoki, ta ce in gaishe ta, ita ce mai karɓar kwanona. Idanun nan ne dai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da muka iso gida, kafin in rungume Mama sai da na ɗaga mayafinta na duba wuyanta. Ta tsaya, ta bar ni. Baba ma ya matso ya duba, ya fi ni daɗewa, kuma bai yi zancen marina ba.

Mama tana gaishe ki. Zancen idanun nan kuwa, ya tsaya tsakaninmu.

Taki har kullum,
Auta