Ba Zan Zo Bikin Ista Ba

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki? Yaya ɗana Sorin? Ni lafiya lau nake a Gdansk, barci ne kawai ya yi ƙaranci.

Manhajar da na rubuta, mai kai saƙo tsakanin na'urorin koyon tuƙin jirgin ruwa, ta kunyata ni ranar gwaji. Saƙonni suka makara, jirgi ya ratsa ta cikin jirgi a allon na'ura, a gaban masu saye. Shugabanmu ya ce, "Ilinca, ba inda za ki sai jiragen nan sun ga juna."

Don haka ba zan zo Ista ba; ki rina jan ƙwan bikin har da nawa. Don Allah ki daina gaya wa Sorin ranar dawowata, kada ya sake wuni a bakin ƙofa.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Ilinca