Saƙonnin da Rediyo Ba Zai Amsa Ba

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana sarkin ɓarna. Ni ma da sauƙi, sai dai zuciyar nan da likita ya ce a daina ɗora mata kaya. Maganin ina sha, kada ki fara min faɗa.

Kin ce kin turo min imel sau da yawa yana dawo miki. Dole ya dawo. Abokin sana'ata, wanda muke kira Rediyo don surutunsa, ya sa an rufe adireshina na maɗaba'a. Mutumin da muka kafa wurin nan tare tun kafin a haife ki, ni ina kan inji da tawada har gwiwar hannu, shi yana bakin ƙofa yana zuba wa masu kawo aiki surutu. Ina kwance a asibiti an tsaga min ƙirji ya sauke allon shago, ya ɗora sabo babu sunana, ya ba ɗansa teburina. Kasona ya ba ni cif, ba zan yi masa ƙarya ba. Ba wannan ne ke cina ba.

Abin da ban gaya miki ba shi ne walimar bankwana da ya shirya min. An jera kujeru tsakanin injin buga takarda da na yanka, ma'aikata duk sun hallara. Na miƙe don in faɗa a gaban kowa cewa ban ce zan yi ritaya ba, kora ce aka yi min. Kin san in'inata idan raina ya ɓaci. Na maƙale a kalmar farko, ina ta kokawa da ita, sai ya dafa kafaɗata ya ce wa jama'a wai ina cewa na gode wa kowa. Aka tafa. Aka miƙo min agogon bango a kwali. Tun muna samari yake ƙarasa min magana, kuma kullum abin da ya yi masa daɗi yake ƙarasawa.

To ni ma na yi shiri. Ina neman kamfanin imel na kuɗi, wanda ba mai rufe min shi, da sunana ni kaɗai a bayan alamar nan mai kama da dodon koɗi. A rubuce ba na in'ina. Ki tambayar min maigidanki wanne ne yake bari mutum ya rubuta saƙo yau, ya sa masa ranar tafiya nan da shekaru masu yawa.

Ki shafa min kan yaron.

Babanki.

Auta,

Da fatan kun wuni lafiya, kuma tarin jikana ya lafa. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa'azin da ke ciki har ƙarshe. Uwarki ma, Allah ya jiƙanta, haka take yi min, kuma ita ma ban cika jin maganarta ba.

E, kin gane daidai. So nake saƙonnin su fara isa wurin Rediyo bayan an binne ni, ɗaya duk farkon wata. Idan na aika ina raye, kafin in aje wayar ya iso ƙofar gidan nan da bakinsa, ya cika falo da bayani har in ƙare ni ne mai ba da haƙuri. Wannan karon zai karanta, ya buɗe baki, ya rasa wanda zai katse.

Sai dai zaɓen kamfanin ya fi ƙarfin yadda na zata. Na baje a teburin cin abinci da tsohuwar kwamfutarki da tabarau biyu. Kamfanonin kyauta na fara jefarwa, domin sun ce idan aka daɗe ba a leƙa akwati ba sukan share shi, ni kuwa daɗewa zan yi. Wanda maigidanki ya yaba yana da kyau ga mai rai: duk wata suke cirar kuɗi daga katin banki, kuma ranar da banki ya ji labarina katin ya mutu. Wani kuma ba ya bari a sa ranar tafiya fiye da shekara guda. Shekara guda me za ta yi min? Labarin yadda Rediyo ya ɓata aikin wata kalanda ya ɗora wa marigayi mai ɗaurin littattafanmu laifin ma kaɗai zai ci saƙo uku.

Na yi hira da ma'aikaciyar wani kamfanin a ɗan akwatin rubutu da ke gefen shafinsu. Na tambaye ta ko saƙo zai ci gaba da tafiya idan mai akwatin ya rasu. Baiwar Allah ta tsorata, ta turo min lambar masu ba da shawara ga wanda ya gaji da duniya. Na ce mata ban gaji ba, aiki ne a gabana. Da ta natsu ta yi min bayani tsaf: ana iya biyan shekaru a dunƙule, ranar tafiya ba ta da iyaka, kuma saƙonsu ba ya yawan faɗawa kwandon shara. Wannan na ƙarshen ne ya saye ni. Ba zan mutu in bar maganata tana kwance cikin tallan magungunan ƙiba ba.

Abu ɗaya ya rage. Suna son lambar wayar da za a riƙa tura mabuɗin shiga, tawa kuwa wani za a ba bayan raina. Taki zan sa. Ba na neman ki yarda da ni, ki dai bar wayarki a kunne.

Naki har kullum,
Babanki.

Autata,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da lambar, duk da kin haɗo ta da fushi. Ƙafafuna sun ɗan kumbura, likita ya ƙara min ƙwaya ɗaya. Ban da wannan lafiya lau.

An buɗe akwati. Da na ga sunana shi kaɗai a adireshin, ba na kowa a gefensa, sai da na tashi na zaga ɗaki. Yanzu kullum bayan karin safe nake zama in rubuta. Ban san haka maganar ta taru a cikina ba. Na rubuta masa ranar da muka ɗauko injinmu na farko a motar haya, ni na tallabe shi a baya ruwan sama yana dukana, shi yana gaba yana ba direba labari. Na rubuta masa walimar nan, da ainihin abin da na miƙe zan faɗa, kalma bayan kalma. Ba zagi a ciki ko ɗaya. Zagi yana da saurin mantuwa, ni kuwa so nake ya riƙa jin faɗuwar gaba duk sanda wata ya kama.

Kin tambaye ni ko hakan yana sanyaya min rai. Gaskiya a'a. Amma yana tashe ni daga gado, abin da maganin likita bai yi ba.

Ki gaida mutanen gidan.

Babanki.

Auta, ɗiyata,

Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Rediyo ya faɗi a maɗaba'a, ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya tafi. Matarsa ce ta tare ni a barandar asibiti ranar da na je awo, ta riƙe hannun rigata tana kuka, wai tun da ya farfaɗo yake nuna hotonmu na buɗe shago a wayarta. Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fara zuwa raina daɗi ne. Na bi ta.

Yana kwance kusa da taga, ya rame, bakin ya karkace. Na ja kujera na zauna. Na faɗa masa maganar walimar da bakina. Na maƙale ya fi a ƙirga, gumi ya jiƙa min riga, amma ba wanda ya taya ni, kuma na kai ƙarshe. Tunda nake da shi ban taɓa kai ƙarshen magana ba sai ranar.

Sai ya fara motsa leɓe. Harafi ɗaya yake ta turawa, ya koma, ya sake turowa, jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya cika. Na san wannan wurin, Auta, a cikinsa na girma. Matarsa ta kasa jurewa, ta sunkuyo ta ce min wai gafara yake nema. Na ɗaga mata hannu. Na ce kada wanda ya ƙarasa masa, ko ita ko ɗansa ko likita. Idan gafarar ce, ya nema da bakinsa. Idan ma wani abin ne daban, nasa ne, ya faɗa. Muka zauna yana fama ina kallonsa, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.

Jiya na koma, yau ma na koma. Har yanzu yana kan harafin.

Saƙonnin suna nan, ban goge ko ɗaya ba, kuma idonsa yana karatu sarai. Idan ya ƙarasa maganarsa ina da rai, zan saurara, sannan in ga abin da zan yi da su da hannuna. Idan zuciyar nan ta riga bakinsa, za su fara tafiya kamar yadda na tsara, kuma ban yarda ki taɓa su ba. Gobe ma zan je da wuri, na riga na gaya wa mai tasi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.