Kwalbar da za a binne

Jikata Twila,

Ina gaishe ki daga Tucson. Yaya mamanki da angonki Hollis? Karena da ke wurinku yana cin abinci kuwa?

Ni lafiya lau, tarin ne kawai. Gwaggonki Rhonda ke rubuta mini, na hana ta ƙara ko kalma.

Na ji Hollis ya ce kowace kwalbar giya ma ta yi, tunda binnewa za a yi. Gaya masa wadda aka binne don hana ruwan sama ita ake tonowa ranar biki a sha, a sa muku albarka. Ku je Bardstown ku nemi giyar bourbon da ta daɗe a ganga, mai ƙamshin itace. A binne ta cike, baki ƙasa, inda za a ɗaura auren. A namu bikin ƙanena Dewey ya ɗanɗana kafin ya binne, kakarki ta jiƙe sharkaf.

Likita ya hana ni hawa jirgi. Na ce, "Yaro, ka taɓa aurar da jika?"

Ni ya kamata in tono ta. In ban iso ba, ki ba mamanki shebur, kada ku jira ni.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Orval