Ba Asiri Aka Yi Wa Baba Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na zauna ne in ba ki labarin abin da ya faru a makon nan. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Masu karanta littattafaina ne za su gani, kuma gara su gani, domin da hannunsu a cikin maganar.

Shekara biyu ke nan da rasuwarki. Abu ɗaya kika roƙe ni kina kwance a gadon asibiti, in yafe wa Baba. Na amsa miki don kada in ɓata miki rai, amma ni da ke duk mun san a baki kawai amsar ta tsaya.

Inna, 'yarki ta zama marubuciya, kuma ba zan yi miki kara ba, ina alfahari da hakan. Ke da kike cewa littattafan soyayyar nan namu kowa a ciki mai kuɗi ne, ba a taɓa ganin wadda ta je cefane ba, to na rubuta wanda tauraruwarsa mai tallar doya ce. Idan an fita tara a makarantar da nake koyarwa a unguwar Bagama, sai in zauna a bayan aji in yi ta dannawa a waya. Shafi-shafi nake sakinsa a zaurukan hirar mata na waya. Yau ana karanta shi a Kano da Zariya, har daga Maraɗi wata ta aiko mini da gaisuwa. Labarinki ne, suna kawai na canza.

Na fara daga Diko, inda kike ajiye farantin dafaffiyar doya da yaji a bakin titi, Baba kuma yana facin taya a tsallake. Na sa yadda yake tsallako titi sau uku a wuni ya sayi doya, alhali ya ƙoshi, ya koma ya raba wa direbobi. Kin ce ke dai kin ɗauka mutumin ci ne da shi. Mata sun yi dariya a wannan shafin har da masu turo hoton hawaye.

Na sa aurenku, da haihuwata, da ranar da ya samu aikin tuƙa wani babban ma'aikaci a Abuja. Na sa yadda ya fara ɗaura agogo, yana jefa Turanci a cikin magana. Da farko kullum yake kwana a gida, daga baya sai ƙarshen mako, daga nan sai ƙarshen wata. Abujar da mota ɗaya ce daga Suleja ta koma kamar wata ƙasa.

Sannan na sa ledar burodin nan. Wani direba ya kawo ta da hantsi, ya ce saƙo ne daga maigidan. Ina da shekara takwas, ni na yi wuf na buɗe saboda kwaɗayi, na ga takarda a ninke a ƙarƙashin burodin. Ba ki yi boko ba, sai kika ce in karanta miki. Na miƙe tsaye kamar yadda muke yi a aji, ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin na iya. Da bakina kika ji an sake ki. Ba ki yi kuka ba. Kika karɓi takardar kika cusa a ƙarƙashin katifa, kika yanka mini burodin, kika ɗauki farantinki kika tafi neman motar Diko.

Shekara goma sha biyu kika yi kina riƙe da ni da wannan farantin. Manema sun zo, har da mai shagon hatsi da ya yi ta aiko da goro, kika ce ke kin gaji da aure. Sai ga Baba ya dawo, aiki ya ƙare, furfura ta fito, da dattawa biyu a bayansa suna neman a sake ɗaura aure. Kuka keɓe ke da shi a zaure kusan awa guda, ban san me kuka ce ba. Kika fito kika ce kin yarda.

Kin tuna irin borin da na yi. Na kwashe kayana na koma gidan Gwaggo, na ƙi zuwa ɗaurin auren. Da kika biyo ni, abin da kika ce kawai shi ne, “Ni aka yi wa, ni na yafe. Ke mene ne naki?” Na kasa gaya miki cewa nawa shi ne muryata da nake ji har yanzu tana karanta takardar nan. Shekara bakwai kuka ƙara tare a unguwar Magajiya. Na ga yana ɗaukar miki kwandon doya, na ga yana jinyarki, duk bai sa na sauko ba. Bayan rasuwarki ina gaishe shi, ina aika masa da abincin salla, amma ban taɓa zama a tabarmarsa ba.

To da littafi ya kai shafin dawowarsa, sai zauruka suka kama da wuta. Wata ta rantse idan tauraruwar ta koma gidan mutumin nan ta daina karatu. Wata ta ce in dai ina so a yafe masa, sai dai a gano asiri aka yi masa. Haka dama aka saba a irin littattafan nan, Inna. Namiji ba ya cin amana da hankalinsa. Ko dai an binne masa laya, ko an haɗa masa makirci da wasiƙar ƙarya, a ƙarshe malami ya karya abin, a yi kuka, a koma. Ni ma sai na ƙirƙiro wata mai sayar da abinci a bakin ofis, na ɗora mata laifin, na kai ta wurin boka. Nan take waɗanda ke tsine masa jiya suka koma tausayinsa. Ba zan ɓoye miki ba, ni kaina na ji sanyi da na rubuta hakan, kamar na yi wa kaina uban da zan iya kallo.

Abin da ban sani ba, wata baiwar Allah tana karanta littafin da murya tana turawa, matan 'yan hayar gidanku kuma suna kunnawa a tsakar gida idan suna wanki. Baba yana gindin mangwaro yana ji. Daga wurin ledar burodi ya gane. Ya ci gaba da bin labarin har ƙarshe.

Ranar Talata da aka tashi daga makaranta, na fito na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa cikin rana, ɗan acaɓa ya sauke shi. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Na ɗauka rasuwa aka yi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, sannan ya ce, “Littafinki ya yi kyau, amma kin yi wa uwarki ƙwange. Babu wanda ya yi mini asiri. Da hankalina na rubuta takardar nan, a kan bayan motar maigidana. Kunya nake ji mutanen ofis su san matata mai tallar doya ce. Wannan na gaya mata a zaure ranar da na dawo, ban rage komai ba, ta ji, ta yarda da ni a haka. In kin ce asiri ne, to me ta yafe? Ai kowa zai iya yafe wa wanda ba ya cikin hayyacinsa.”

Inna, ashe kin sani. Shekara bakwai kina zuba masa tuwo kina sane da dalilin, ba ki taɓa gaya mini ba don kada ki ƙara mini abin riƙewa. Ni ina ganin na ɗaukaka ki a littafi, ashe rage ki na yi.

Ina nan tsaye ban gama haɗiye wannan ba, sai ya ce kin gaya masa ni na karanta miki takardar, kuma tun daga ranar bai samu bakin da zai roƙe ni ba. Sai na ga dattijon nan yana tattare babbar rigarsa zai durƙusa mini, a bakin titi, ɗalibaina suna wucewa. Ban san lokacin da jakata ta faɗi ba. Na riƙe hannunsa kafin gwiwarsa ta kai ƙasa, na ce Baba na yafe, wallahi na yafe. Wannan karon daga cikin zuciyata maganar ta fito.

Washegari na goge shafin bokan, na sallami mai abincin da na yi wa ƙazafi, na rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Wasu sun fice daga zauren, wata ma ta ce na ɓata mata littafi, babu macen da za ta yi haka. Na ba ta amsa cewa akwai, ita ta haife ni. Ban taɓa rubuta abin da nake taƙama da shi kamar wannan shafin ba. Shi ma mutumin da ya hau acaɓa ya zo ya karɓi laifinsa bayan duniya ta wanke shi, na fara gane abin da kika gani a tare da shi a tsallaken titin Diko.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kamar yadda kika iya yafewa. Shekara biyu ina roƙa miki Aljanna ke kaɗai, da gangan nake tsayawa a nan. Yau na ƙarasa addu'ar: idan ranar Baba ta zo, Allah Ya haɗa ku a can, ku biyu.

Taki har abada,
'yarki ta fari,
Hadiza, daga Suleja.