Tiyon da Buba Ya Kawo

Zuwa ga Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ruwan Duwala, yaya ƙafar taka? Mu nan Garwa lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Yaya, tiyon injin niƙa da ka aiko ta hannun Buba, mijin ƙanwarmu, ya iso, amma raina bai kwanta ba. Tun da gazuwal, wato man dizal, ya yi wuya muke ɗumama man angurya mu ba injin, ka ce za ka nemo mana tiyon da mai zafi ba ya ci. To, wannan bai daɗe ba ya kumbura, ya yi laushi kamar hanjin akuya, mai na tsattsafowa. Na duba jikinsa, an kankare rubutun. Na tambayi Buba, ya ce, "Wallahi haka Yaya ya ba ni," yana kallon ƙasa. Da na je Bibemi cin kasuwa kuwa, sai ga sabon tiyo mai koren layi a injin ban-ruwan Buba.

Ban gaya wa kowa ba, saboda ƙanwarmu. Injin dai yana tsaye, mata sun koma niƙa wani wuri. Don Allah ka faɗa mini, tiyon da ka ba Buba yana da koren layi?

Ka gaida mutanen gida. Ku sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ikon riƙe bakina har amsarka ta iso.

Ƙaninka,
Hamadu