Fasfon Baba Yana Cikin Jirgi, Baba Yana Bakin Kogi

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin tafiye-tafiyen da ya kai ayarinmu Turai a hutun bana, Shara Mansur, wato Titin Mansur, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Usman, ɗan Malam Haruna tela. Ka san mahaifina tun kafin ka buɗe ofis. Na je ofishin naka aka ce kana Jidda, na koma aka ce kana taro. Na rubuta takarda da Larabci, aka amsa mini da addu'a da fatan alheri. Shi ya sa na rubuto wannan a fili, kuma da Hausa, domin da Hausa aka tallata mana tafiyar, da Hausa kuma aka ɓata sunan mahaifina. Ban ambaci sunanka ko na kamfaninka ba. Waɗanda abin ya shafa sun san ka.

Mu huɗu muka bi ayarin daga gidanmu: ni da matata, da Baba da Inna. Tun da Baba ya shigo ƙasar nan yana yaro bai taɓa fita ba. Da ya ga hoton jirgin ruwa a kogin Danube cikin tallanku, sai ya ce shi dai yana son ya ga ruwan da ke gudu ba tare da an yi ambaliya ba. Wannan jirgin na Budapest shi ne dalilin tafiyarsa, kuma shi ne bai shiga ba. Ga yadda aka yi.

Na farko, batun fasfo. Tun a filin jirgi jagoran ayarin, wanda kuke kira murshid, ya karɓe fasfon kowa ya zuba a jakarsa. Na nuna masa rashin dacewar haka, ya ce dokar kamfani ce. Na san inda dokar ta samo asali. Aikinku na asali hidimar alhazai ne, kuma mun tashi mun tarar muɗawwif, wato mai kula da alhazai, shi ne ke riƙe wa alhaji fasfo, domin a nan sunan muɗawwif ya ishe shi shaida a ko'ina. Amma Budapest ba Mina ba ce. Babu ɗan sandan can da ya taɓa jin sunan ofishinka. Kun ɗauki tsarin da aka yi don kare baƙo a Makka, kun kai shi inda yake mai da baƙo marar takarda.

Na biyu, yadda aka ƙirga mu. Mun isa matsayar jirgin bayan azahar. Baba ya nemi izinin murshid ya je ya sake alwala a banɗakin bakin kogi, aka ce masa akwai lokaci. Ni kuma na tura keken Inna zuwa ƙasan jirgi, tun da gwiwoyinta ba sa hawa matakala. Kafin a kwance igiya na tambayi murshid ko Baba ya shigo. Ya ce yana sama tare da sauran dattawa, adadi ya cika. Daga baya na gano abin da ya ƙirga: fasfo ne a cikin jakarsa ya gwada da tikitin da ke hannunsa. Takarda ta yi daidai da takarda. Bai dubi fuskar kowa ba.

Na uku, abin da ya biyo baya. Mun wuce gada ta farko kafin na samu na hau sama, na duba kujera-kujera ban ga Baba ba. Na roƙi murshid ya yi wa matuƙin magana a sauke ni a matsaya ta gaba, ya kuma ba ni fasfon Baba. Duka biyun ya ƙi. Ya ce motar ayari tana jiranmu a can ƙarshen hanya, ba za a ɓata wa mutane yawonsu ba, fasfo kuma amana ne a hannunsa. Haka na zauna na'urar bayani tana ba ni tarihin ginin majalisa a kunne, murshid yana jera mutane yana ɗaukar hoton talla, Inna tana ƙasa tana jan carbi tana kallon ƙofa. Layin wayar da kuka yi alkawarin raba mana ba a raba ba, don haka wayar Baba ba ta shiga. Katin da kuka rataya masa a wuya kuwa ragowar na aikin Hajji ne, rubutun Larabci zalla, da adireshin Makka.

Na huɗu, kuma a nan nake so ka natsu. Da Baba ya fito ya ga jirgi ya tafi, bai yi yawo ba. Ya yi abin da duk mutumin Makka yake gaya wa alhajin da ya rabu da jama'arsa: ka tsaya inda aka bar ka. Ya zauna a kan benci har la'asar ta yi, ya yi salla, ya koma ya zauna. Mai sayar da tikiti ta ga dattijo ya daɗe, ba ya jin abin da take faɗa, ta kira 'yan sanda don a taimake shi. Ban ga laifinta ba, ban ga nasu ba. Sun tambaye shi takarda, ya laluba aljihu, babu.

Alhaji, ka san inda Baba ya yi ƙuruciyarsa. A Nakkasa, unguwar nan ta kan dutse, ya yi ta, a shekarun da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, lokacin da ƙarar motar jawazat, 'yan sandan shige da fice, a gindin dutse take sa mutum ya bar tuwo a kwano ya bi ta bayan gida. Ya yi haƙuri har Allah Ya daidaita masa takardunsa, kuma tun daga ranar ko masallacin unguwa ba ya zuwa sai da su a aljihu. Da jirgi ya tsaya na ƙwaci fasfon da kyar, na koma matsayar, mai sayar da tikitin ta nuna mini inda aka kai shi. Da na isa ofishin 'yan sandan, jami'in da ya kawo shi ya kwatanta mini abin da ya ba shi mamaki. Babu wanda ya taɓa Baba, babu wanda ya fito da ankwa, amma sai ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa musu. Sun ba shi ruwa da kujera, sun mutunta shi. Ba su ne suka mai da shi Nakkasa ba. Jakar ma'aikacinka ce.

Na biyar, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da a nan abin ya tsaya, da na bi maganar Baba na bar wa Allah. Amma da muka dawo, mutane suka fara tambayar abin da ya faru, sai murshid ya saki saƙon murya a zauren ayarin na waya. Ya ce wani dattijo ne ya ruɗe ya bar jama'a, ya kira shi mukharrif, wato wanda tsufa ya taɓa wa hankali, ya kuma shawarci iyalai su daina tafiya da irinsu. Saƙon yana wayata. Daga zauren ya shiga unguwar Mansur, inda jama'armu suke, gida-gida.

Ga abin da ya haifar. Shekara da shekaru Baba ne ke riƙe da mabuɗin ɗakin kayan jana'iza na jama'armu. Shi ke yanka likkafani, shi ke fitar da darduma da kujerun zaman makoki. Kwanan nan dattawan unguwa suka zo gida, cikin ladabi da kunya, suka karɓi mabuɗin, wai don a sauƙaƙa masa. Bai musa ba. Ya ciro shi daga aljihu ya miƙa, ya raka su ƙofa. Tun ranar bai buɗe shago ba. An yi rasuwa a layinmu, sai bayan an kai gawa Masallacin Harami ya ji. Mutumin da har yau yake zura zare a allura ba tabarau, an yanke masa hukuncin ruɗewa don ma'aikacinka ya wanke kansa.

Ba kuɗin tikiti nake nema ba, kada akawunka ya wahalar da kansa. Abin da nake roƙo shi ne murshid ya saki wani saƙon, da muryarsa, a zauren da ya saki na farko, ya faɗi cewa Malam Haruna ya nemi izini aka ba shi, kuma shi ne ya tafi da fasfonsa ya bar shi. Sannan kai da kanka ka zo majalisar dattawan bayan sallar Juma'a ka maimaita musu haka a gaban Baba. Maganata ta ɗa ce, za su ce kara nake yi wa mahaifina. Taka za su ji. Na ga kuma kun fara tallan ayari na gaba. Kafin su tashi, ka soke wannan doka, kowa ya riƙe fasfonsa, a ba shi katin da mutanen ƙasar za su iya karantawa, a kuma riƙa kiran suna ana jin amsa kafin jirgi ya motsa.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya tsare matafiyanka a tudu da ruwa, Ya shirya ma'aikatanka. Allah Ya ba ka tsawon rai, Ya sa idan tsufa ya zo maka, ya same ka a hannun waɗanda ba za su ce ka ruɗe ba don su rufe kuskurensu.

Wassalam.

Usman Haruna
Unguwar Shisha, Makka